Shuka a buhu ko a ƙasa, wanne ya fi?

'Yar uwa da kika tambaya ko ki shuka tumatir da sauran kayan lambu a buhu ko ki fasa simintin tsakar gida ki shuka a ƙasa, to ni dai na gwada duka biyun, bari in faɗa miki yadda na gani.

Babban bambancinsu ruwa ne wallahi. Ƙasar da ke cikin buhu ko bokiti kaɗan ce, ga rana na dukanta ta ko'ina, shi ya sa take bushewa da wuri, lokacin zafi sai kin ba da ruwa safe da yamma, in kika yi tafiyar kwana 2 ba wanda zai kula miki sai dai ki dawo ki tarar sun yi yaushi. A ƙasa kuwa saiwa na nutsawa ta nemo danshi da kanta, in kika rufe gindin da busasshiyar ciyawa sau 2 ko 3 a sati ma ya isa. Kuma tumatir ba ya son yau ƙishi gobe ambaliya, shi ne ke sa gindin ɗan ya yi baƙi ya ruɓe, mutane su ɗauka cuta ce su yi ta fesa magani a banza.

Taki ma haka, duk ruwan da ya fita ta hujin buhun yana tafiya da abincin shukar, sai kin riƙa ƙara ruɓaɓɓen taki kaɗan-kaɗan bayan sati 2 ko 3. Kar ki sa ɗanyen kashin kaji fa, ƙona saiwa yake yi, ni na taɓa yin asarar gindi 6 a haka.

Amma inda buhu ya yi zarra, ke kike haɗa ƙasarki da kanki, ciyawa kaɗan ce, kuma kin tsira daga tsutsar nan ta ƙasa mai sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. A ƙasa in ta kama wuri sai kin canza shuka, kuma ba wai ki cire tumatir ki sa tattasai ko yalo ba, duk dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Sannan tumatir na son rana ta awa 6 zuwa 8, in katanga ta yi masa inuwa jawo buhun kawai za ki yi, in kuma haya kike ki kwashe abinki ranar tashi.

Tumatir gindi ɗaya a bokiti mai cin lita 20, ki huda ƙasan sosai, wata 2 zuwa 3 bayan dashe kin fara tsinka. Alayyafo da latas ko tsohuwar roba mai faɗi ta ishe su, alayyafo wata 1 ma kin fara yanka.

Kankana da kabewa kam ki bar su a ƙasa, yaɗo suke yi mita 2 ko 3. Haka mangwaro da gwaiba, bishiya ba ta buhu ba ce, sai dai raino kafin dashe.

Ni a ganina kar ki fasa simintinki saboda tumatir, ki fara da buhu 5 ki ga ko za ki iya da ban ruwan tukuna, in kuma bishiya kike so sai ki fasa wuri ɗaya nesa da katanga da ramin masai.