Na'urar auna iskar oksijin ta yatsa

Jama'a duk mai tsoho ko yaro mai asma a gida ya nemi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, ni a wani kemis wajen Ƙofar Ƙaura na saya saboda Baba, kun san yadda ƙurar hunturu ke tayar masa da tari. Tana nuna oksijin da bugun zuciya nan take, oksijin ɗin lafiyayye yakan nuna kashi 95 zuwa sama, wata nas ta ce min in ya sauka ƙasa da 92 kuma yana haki kar mu tsaya jiƙe-jiƙe, asibiti kawai. Matsalarta in hannu ya yi sanyi sai ta rikice, sai an murza yatsan ya ɗumama tukuna. Batirin ma ba laifi wallahi, yana jimawa.