Na biya kuɗin kwashe shara, ruwan sama ya dawo min da ita

Yaran nan masu keke mai ƙafa uku da ke bi gida-gida suna kwashe shara a nan unguwarmu ta Arkilla a Sakkwato, da farko ba ni da abin cewa a kansu sai yabo. Da can sai dai a miƙa wa almajiri bokiti ya je ya juye inda ya ga dama, ko a cinna wuta da yamma hayaƙin leda ya cika tsakar gida. Kuɗinsu na wata kuma kowa ya sani, bai taka kara ya karya ba.

Ƙa'idarsu ce ta saye ni: buhu biyu. Ɗaya na leda da robobi da gwangwanaye, ɗaya na toka da ɓawon albasa da kashin awaki. Sun ce na biyun manoman fadamar Rima ke saye su yi taki, na farkon kuma 'yan gwangwan su tsince abin da zai yi kuɗi. Ka haɗa musu wuri guda, su bar maka kayanka. Ƙanwata da ke aure a Birnin Kebbi har dariya take min, wai mai kwasar tata ba ruwansa, komai a cakuɗe yake ɗauka. Ni kuwa na riƙe abin da gaske, yaro ya jefa ledar fiya wata a buhun toka sai ya sha faɗa.

Sai ga makon Babbar Sallah. Kowa ya san abin da gida ke fitarwa bayan an yanka rago, ga kuma zafin Sakkwato da ba ya ɗaga wa komai ƙafa. Ranarsu ta zo ta wuce, shiru. Na kira, wayar a kashe. Ƙudaje suka mamaye ƙofar gida, baƙi masu yawon Sallah na toshe hanci da mayafi kafin su yi sallama. Da yaron ya bayyana sai ya durƙusa: "Hajiya, a yi haƙuri, bola ta yi nisa, ga mai ya yi tsada." Na ce ba komai ɗana, har na ƙulla masa soyayyen nama.

Daren nan aka sheƙa ruwa. Da asuba kwalbatin bayan layi ya toshe, ruwa ya tsallako ya shigo mana zaure, baƙi ƙirin, da wari. Maigida ya fita da shebur, sai ga buhuna biyu a bakin kwalbatin. Ba zato nake yi ba, da tsohon ɗankwalina na ɗaure bakin ɗaya. Wanda na ware don taki da wanda na ware don 'yan gwangwan, duk rami guda aka watsa su. To wahalar rabawar da nake ta sha, ta mece ce?

Ubangidansu ya zo ya ba da haƙuri, ya ce ya sallami yaron. Amma tabarmar zaure da ta lalace da buhun gero da ya jiƙe, ko kallonsu bai yi ba. Har yanzu ina biyansu, don na tuna hayaƙin nan ba na son komawa. Sai dai wanda yake Mabera, inda ruwa ke kwanciya tun ba a toshe masa hanya ba, ya tambaye su inda suke juyewa kafin ya miƙa ko sisi. Ni sai da babban ɗana ya bi bayan sabon yaron a mashin, kuma geron nan har yau yana cina a rai.