Masauki a Kano ga Mace Mai Tafiya Ita Kaɗai: Ki Duba Sakata Kafin Ki Duba Gado

Duk macen da sari ke kawo ta Kantin Kwari, ko jinya a Asibitin Malam, ko wata jarrabawa a Jami'ar Bayero, tun ba ta gama ɗaure jaka ba za a jefo mata tambaya: "To, a ina za ki sauka?" Shekara tara ke nan ina zirya tsakanin Gombe da Kano saboda atamfa da leshi, kuma na kwana a kusan kowane irin masauki da garin ke da shi. Na biya kuɗi mai yawa na kwana ido biyu, na kuma biya kaɗan na yi barci har da minshari. Abin da ya raba dararen nan biyu abu biyu ne: ƙofar da ke rufuwa ta ciki, da ma'aikacin da bakinsa ke rufuwa.

Gidan 'yan uwa shi ne kan gaba, kuma ba na musu, in kina da yaya ko gwaggo a Gwammaja ko Tarauni, jikinki ya fi samun tsaro a can. Sai dai baƙo raɓa ne. Kwana ɗaya, biyu, lafiya lau. In kuwa duk wata kina tafe da ƙunshin kaya har sun cika falon mutane, ga kuɗin sari a jaka, ga 'yar gidan ta ɗaga turmi ɗaya tana cewa "Anti, wannan zai yi mini kyau ranar Sallah," za ki gane kyauta ma tana da farashi. Shi ya sa da yawanmu muke raba ƙafa: mu je mu gaisa, mu ci tuwo, mu koma inda muka biya.

Manyan otal-otal na Nasarawa da Bompai suna da abin da kuɗi ke saye: katanga, masu gadi a ƙofa, kyamara a baranda, wuta dare da rana, da wanda zai ɗaga waya in kin kira ƙarfe uku na dare. Yawancinsu ƙofar kati gare su. Wannan makulli da batir yake aiki, don haka ɗauke wuta ba ta shafe shi ba, kuma da yawansu suna ajiye tarihin katin da ya buɗe ɗaki da lokacin da ya buɗe. In kati ya ɓata, sabo ake haɗa miki a kwamfuta, da kin buɗe ƙofa da shi, shi ke nan tsohon ya zama roba. Amma kar ƙyalƙyalin ya ruɗe ki. Masu shara suna da katin da ke buɗe ɗakuna, manaja yana da wanda ya fi nasu ƙarfi. Ko a can sai kin murza makullin ciki, kin kuma saƙala ƙarfen nan ko sarƙar da ke hana ƙofa wangalewa. Wani abin kuma, babban otal wurin taro ne. Ranar da ake dina ko taron siyasa, wanda ya kama ɗaki da wanda ya zo cin shinkafa duk a lif ɗaya suke. Ki tambaya tun a waya ko akwai biki a daren, ki nemi ɗakin da ba ya ɓangaren zauren taro. Kuɗin dare ɗaya a can yana iya cinye ribar dila guda, shi ya sa ni sai in wani ne zai biya, kamar taron bita.

Inda yawancinmu muke ƙarewa shi ne matsakaitan gidajen saukar baƙi, irin waɗanda suka cika Zoo Road, Hotoro, titin Zariya da lungunan Nasarawa. A nan ake samun na ƙwarai, a nan kuma ake samun kyan ɗan maciji, kuma hoton intanet ba zai bambance miki su ba.

Wata shekara, saura mako biyu azumi, motarmu ta lalace bayan Wudil, ba mu shigo Unguwa Uku ba sai wajen sha ɗaya na dare. Masaukin da na saba ya cika. Na faɗa wani da na gani da fenti sabo da fitilu masu launi. Yaron da ke kan kanta ya karɓi kuɗi, ya ɗaga mukulli sama kamar mai gwanjo, ya ce, "Hajiya, ɗaki na bakwai, ƙarshen baranda. Ke kaɗai ce ko Alhaji na tafe?" Maza uku na zaune suna kallon ƙwallo, duk suka waiwayo. Gajiya ta sa na ce ni kaɗai ce. Ɗakin tsaf, zanin gado fari tas, na'urar sanyaya ɗaki na huci. Sai da na zo rufewa na lura sakatar tana reto, ƙusa biyu kacal ke riƙe da ita, katakon wurin ya rududduge. Wajen ƙarfe biyu aka kashe janareta. Can cikin duhun na ji an zura mukulli, hannun ƙofa ya sauka a hankali. Na daka tsawa, "Wane ne?" Shiru. Sai takun silifas yana nisa. Na ja ƙaramin firij na tokare ƙofa, na zauna a kansa da carbi har aka kira assalatu. Da safe da na yi magana, yaron ya ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, mai gyaran famfo ne ya yi ɓatan ɗaki." Gyaran famfo da biyun dare!

Tun daga ranar ba na biyan ko sisi sai na ga ɗaki. Gani ya kori ji. In shiga, in rufe ƙofa, in sa sakata, in kama hannun in jijjiga da ƙarfi. Sakatar da ta shiga cikin bango ko firam na ƙarfe ita ce sakata, wadda aka ɗaura kan siririn katako kafaɗa ɗaya ta ishe ta. In ɗan mukulli ne irin na kasuwa, ki ƙaddara akwai wani a aljihun wani, domin yanko irinsa ba ya ɗaukar minti goma. In akwai ƙofa tsakaninki da ɗakin maƙwabta, ki tabbata sakatarta tana ɓangarenki, in ba haka ba a canza miki. Ki leƙa ramin leƙen ƙofa ki ga yana nuna waje. In ramin fanko ne an cire gilashin, ki cusa takarda. Ki shiga banɗaki ki dubi tagarsa, domin sau da yawa ita ce ake mantawa da ita, tana buɗe kan wani lungu da ma'aikata ke shanya.

Daga nan sai tambayoyin da masu masauki ba sa so: ƙarfe nawa ake kashe janareta? Wa ke kwana a kanta? Ana barin baƙo ya wuce ɗakuna kai tsaye, ko sai an kira mai ɗaki? Akwai mace cikin ma'aikatan dare? Yadda aka amsa ya fi amsar kanta faɗa miki gaskiya. Wanda ya ɓata rai don kin tambaya, ya riga ya ba ki amsa.

Wurin da ɗakin yake ma abin ciniki ne. Ni bene na ɗaya ko na biyu nake so, tsakiyar baranda, inda in na ɗaga murya za a ji. Ɗakin ƙasa mai taga kan wurin ajiye motoci, ko labule ba ki isa ki ɗaga ba. Na ƙarshen lungu kuwa, an ce ya fi shiru, to shirun ne ba na so. Akwai kuma abin da mata ba su cika kawowa a rai ba saboda hankalinmu na kan mutum: wuta da hayaƙi. Ƙarfen taga yana hana ɓarawo shigowa, yana kuma hana ki fita ranar gobara, saboda haka ki san matakala nawa ginin ke da su, ki taka ki ga ta biyun ba a garƙame take da kwaɗo ba. Ɗakin da tagarsa ke kallon janareta kuwa ko kyauta ne kar ki karɓa. A cikin hayaƙinsa akwai iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi.

Ƙananan masaukai na bakin tasha da wasu lungunan Sabon Gari, waɗanda ake bayar da ɗaki na awa-awa, ba zan ɓata miki lokaci a kansu ba. Araha ba ta ado. Ban da shige da ficen da ba ya ƙarewa, irin wuraren ne jami'an Hisbah ko 'yan sanda kan kai wa sumame, kuma ranar da aka zo, kafin ki gama bayanin cewa ke sari ya kawo ki, hotonki ya zaga WhatsApp. In dare ya yi miki babu yadda za ki yi, gara ki ƙara kuɗi ki rage turmi biyu a sarin gobe.

Sabon yayi shi ne gidajen haya na kwana-kwana da ake tallatawa a Instagram, falo da ɗaki da kicin, ki dafa abin da kike so. Ga mata uku ko huɗu da suka zo biki, ko masu jinyar mako guda, babu kamarsu, kuɗin ma in an raba ya fi sauƙi. Mace ɗaya tilo kuwa, ina ɗari-ɗari. Babu kanta, babu wanda zai ji ihunki sai mai gadi can bakin get, mukullin ya bi hannun mutanen da ba ki san adadinsu ba, in kuma lambobi ake dannawa, wa ya ce an canza su bayan wanda ya fita jiya? In dole sai shi, ki samu wanda wata da kika sani ta taɓa kwana a ciki, kar ki tura kuɗi duka kan hoto kawai. Da kin shiga ki kashe fitilu, ki haska tocilan waya kan soket, agogo, talabijin da duk abin da ke fuskantar gado ko banɗaki. Idon kyamara yakan ƙyalla in haske ya doke shi. Ba kowace ake kamawa da haka ba, amma minti biyar ne.

Masaukan baƙi na jami'o'i da ma'aikatu, in kina da wanda zai yi miki hanya, suna da kwanciyar hankali, ko da famfo na ɗiga, labule ya kwana biyu. Matsalarsu cika da wuri.

Akwai ɗan abin da nake yawo da shi wanda bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba: 'yar roba mai siffar gatari da ake cusawa ƙarƙashin ƙofa. Kafinta ma zai yanko miki ta katako. Duk yadda aka turo, ƙara cijewa take yi. Sharaɗinta ɗaya, sai ƙofar da ke buɗewa zuwa cikin ɗaki, kuma a kan tayil mai santsi ta roba ta fi kamawa. Akwai mai ƙara in an taɓa ta, amma batir ɗinta yakan mutu ba sallama. Sai ƙaramin kwaɗo na jaka, tocila, da batirin cajin waya a cike. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma wadda na fi dogara da ita ita ce ta wani ɗan uwa da ke cikin gari wanda na san zai taso. Ita da lambar kantar masauki ina rubuta su a takarda in ajiye gefen filo.

Maganar baki kuwa, na koyi darasi. "Ke kaɗai ce?" Amsata yanzu: "Yayana na nan tafe." Mai adaidaita bai san daga Gombe nake ba, ina sauka a bakin titi ko get, ba na kiran lambar ɗaki a waya a gabansa. Kano dai an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun 2013, a 2022 kuma gwamnatin jiha ta fitar da dokar hana adaidaita sahu aiki daga 10 na dare zuwa 6 na safe, don haka wadda ta shigo gari a makare zaɓinta kaɗan ne, na abin hawa da na ɗaki. Ki kama motar asuba, ki iso da rana tsaka, ki zaɓa ido na ganin ido. Kuɗin sari su zauna a banki ki tura daga cikin shago, katin shaida da rasit na masauki su zauna a jakar hannu. Wanda ya ƙwanƙwasa ya ce daga kanta aka aiko shi, ki kira kanta tukuna. Abinci ma a bakin ƙofa nake karɓa.

Inda nake sauka yanzu wani tsohon gida ne mai ɗakuna goma sha biyu, fentinsa ya koɗe, talabijin ɗinsa tasha uku yake kamawa. Ranar farko matar da ke kanta ta rubuta lambar ɗakin a 'yar takarda, ta kife ta, ta turo mini ba ta ce uffan ba. Ƙofar ƙarfe ce, sakata biyu, sama da ƙasa. In zan fita Kwari da safe, Baba mai gadi shi ke tare mini adaidaita, ya zagaya baya ya dubi lambar, ya rubuta a bangon ɗakinsa da gawayi, sannan ya leƙo ya ce wa direban, "Yaro, 'yata ce. Ka kai ta ƙofar kasuwa, ban da ɗaukar kowa a hanya."