Katunan gaisuwa da ba a rubuta komai a cikinsu ba

Yawancin katunan gaisuwa suna zuwa ne da kalmomin da aka riga aka tsara, mai aikawa ba shi da wani aiki sai sa hannu. Waɗanda nake son yin bayani a kansu, aikin wata mai zane ce da take amfani da fentin ruwa, ana buga zanen nata a kan katunan, kuma cikinsu fari ne fat, babu ko harafi ɗaya, domin ta bar wa launi ɗawainiyar isar da abin da ke zuciya.

A ganina ta yi nasara, musamman a wurin da ya fi wuya. Katin taya murna ba ya ba mai zane wahala, ruwan ɗorawa da ruwan goro sun isa su faranta rai, nata ma sun yi kyau daidai gwargwado. Katin jaje ne ya nuna gwanintarta. Ta jiƙa takardar kafin ta ɗora shuɗi mai duhu, ta bar shi ya malale cikin ruwan toka yadda ya ga dama, sannan a inda ruwan ya tsaya ya bushe sai ya bar wani siririn layi mai duhu a bakin launin, wanda ba ta goge ba. Babu fure, babu wani ado. Duk wanda ya taɓa zama da biro a hannu ya rasa abin da zai rubuta wa wanda aka yi wa rasuwa zai gane amfanin irin wannan kati, domin ya riga ya faɗi rabin maganar cikin natsuwa, jimla biyu daga mai aikawa sun wadatar. Wannan taɓawar hannu ba baƙuwa ba ce a tarihin sana'ar, tunda katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa, wanda wani Baturen Ingila mai suna Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa a Landan a 1843, da hannu aka shafa wa kwafinsa launi.

Girman katunan shi ne A6, wato milimita 105 da 148, a kan takarda mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, kuma ba a yi wa cikinta sheƙi ba, don haka tawada tana kamawa ba tare da ta dame ba. Ambulan ɗin ne kawai bai kai darajar katin ba, ya yi sakayau har launi yana leƙowa ta bayansa.

Akwai wani abu da ya kamata mai saye ya sani tun da wuri. Shunayya da ruwan goro da suke ƙyalli idan aka kalli hoton katin a fuskar waya sun ɗan dushe a kan katin kansa, saboda allon waya da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, alhali injin buga kati tawada huɗu kawai yake gaurayawa, kuma akwai launuka masu kaifi da ba za ta iya kaiwa gare su ba. Manyan hotunanta na bango, masu girman A4, ba su da wannan matsala sosai, domin an buga su ne ta hanyar da ake kira giclée, wadda take amfani da tawada iri-iri fiye da huɗu a kan takardar auduga marar asid. A nan ne shuɗin nan ya fito da zurfinsa har ana ganin ƙurajen takardar asali. Duk da haka, a sa hoton a firam mai gilashi, a kuma nisanta shi daga bangon da rana take bugawa.

Ƙorafina mafi girma shi ne katin jajen guda ɗaya tak ake sakawa a kowane ƙunshin katunan da ake sayarwa, alhali shi ne ya fi cancanta a sayar da shi shi kaɗai, ga duk mai buƙata.