Rumfar karaban da nayi oda ba ita suka kawo min ba, tauraro 2 na basu

Na sayi rumfar da ake makalawa a jikin karaban, wato dan gidan nan da ake ja da mota, a wani shagon intanet anan Ingila, kuma gaskiya raina ya baci da yadda sukayi dani.

Ita wannan rumfar ba da ido ake sayenta ba, awo akeyi. Zaka dora tef daga kasa ka bi ramin da ake zura bakin rumfar ta sama har ka sauko kasa a daya gefen, tamu ta bada santimita 975, shi na rubuta a oda kuma na zabi sandunan alminiyam saboda basu da nauyi. Kaya sun iso da wuri, wannan kam na yaba musu. Amma da muka fara zura ta ni da uwargida sai ta kare saura kusan kamu daya bata kai kasa ba, muka ja muka ja ina, sai da na leka ciki naga dan kyallen da aka dinke a gefe an rubuta 925. Sandunan kuma na karfe ne, daga dagawa kasan ba su bane.

Da na kira su wai in tuntubi kamfanin da ya kera ta, da na ki sai akace ai na riga na bude kwali na kafa ta, sai dai su bani takardar sayen wani abu a shagonsu kuma ni zan biya kudin mayarwa. Haba! In ban bude ba ta yaya zan san ba ita bace?

Abin da suke so su rikita mutum dashi shine dokoki biyu ne daban. Akwai ta 2013 da ta baka kwana 14 ka fasa abinda ka saya ta intanet ko da ra'ayi kawai ka canza, a nan ne yawanci kai kake biyan kudin mayarwa, kuma bata shafi kayan da aka dinka maka musamman ba. Nawa ba canza ra'ayi bane. Dokar hakkin masu saye ta 2015 cewa tayi dole kaya su zo yadda aka siffanta su, in basu zo haka ba kana da kwana 30 ka ki karba a dawo maka da kudinka cif, mai shago ne zai dauki kudin mayarwa, kuma shi zaka rike tunda shi ya karbi kudinka, ba masu kerawa ba. Na tabbatar da wannan a shafin Citizens Advice, kungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta kan hakkinsu, kafin in sake musu magana.

Sai na daina kira na koma imel don komai ya zama a rubuce. Na tura rasit, hoton kyallen 925, hoton tef a jikin karaban, nace na ki kayan a karkashin dokar 2015. Na kara musu da cewa da katin bashi na biya, kuma sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya sa kamfanin katin ma yana da alhaki akan kayan da ya haura fam 100 har zuwa 30,000, in sun ki can zan nufa.

Washegari murya ta canza. Suka turo mota ta dauki kwalin, kudina ya shigo kafin cikar kwana 14 da doka ta basu su mayar da kudi, amma ko a bani hakuri babu wanda yace.

Yadin rumfar yana da kauri, zif dinta ma mai kyau ne, shi yasa ban basu tauraro 1 ba. Amma hutun da muka shirya da yara haka mukayi shi ba rumfa, takalma da kujeru duk a cikin karaban ana ta ruwa kwana uku.