Biro da Takarda ko Waya: Da Wanne Sabon Marubuci Zai Fara?

Matasa da yawa a Gusau da Ƙauran Namoda a waya suke fara rubuta labari. Ba laifi. Tana aljihu, ko a cikin Keke Napep sai ka ƙara sakin layi, kuma Gboard, wato allon buga rubutu na waya, yana da haruffan ɓ, ɗ da ƙ. Matsalarta saƙonnin WhatsApp: ɗaya na shigowa, zaren labari ya tsinke. Ga gaggawar tura wa jama'a babin da bai nuna ba, a yaba maka, ka ɗauka ka gama.

Takarda kuwa sai mai haƙuri, don hannu na gajiya. Amma ni ita nake zaɓa wa mai koyo a rubutun farko. Abin da ka soke yana nan, gobe kana iya dawo da shi, ba kamar waya ba da gogewa ɗaya kan iya tafiya da komai. Ranar da za ka kwafe labarin zuwa waya kuma, dole ka sake bin kowace jimla. A nan maimaici da tufka da warwara suke fitowa fili, ka gyara tun kafin kowa ya gani. Takarda ba ruwanta da caji in an ɗauke wuta, sai dai a ɓoye ta daga gara da hannun ƙanne.