Ofishin kai 'yan kasuwa Gwanzu: abin da na biya da abin da na samu

Shekara goma sha ɗaya ina saro fitilun sola da fanka mai caji a Sabon Garin Kano, in kawo shagona a babbar kasuwar Katsina. Kullum ina jin ana cewa kayan daga birnin Gwanzu na ƙasar Sin suke, har dai bara na ce gani ya kori ji. Wani ƙaramin ofishi a nan cikin gari, wanda ke kai 'yan kasuwa ƙasar Sin, shi ya ɗauki nauyin tafiyar: takardar gayyata, biza, tikiti, masauki, tafinta, da jigilar kaya har gida. Da yake 'yan layinmu sun dame ni da tambaya, bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Maganar biza da jirgi ba ni da ƙorafi. Mun tashi ta Kano, muka ya da zango a Adis Ababa, muka sauka Gwanzu ana gobe za a buɗe baje kolin Kanton. Tun 1957 ake yin wannan baje koli, sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, kuma kashi uku ake raba shi. Kayan lantarki da fitilu suna kashin farko, kuma ofishin ya san haka, bai kai ni lokacin tufafi da takalma ba. Masaukin yana unguwar Shiyawbei, inda baƙaƙen fata da Musulmi suka fi yawa. Ɗakin kamar akurki, amma ga abincin halal a bakin ƙofa.

Abin da ya fanshi kuɗina shi ne tafintan. Yaro ne ɗan ƙasar Daura da ya je karatu ya zauna. Kakana ya sha ba mu labarin fatoma, mai masaukin fatake, wanda zai sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta tashi. Ban taɓa zaton zan ga fatoma da wayar hannu a bakin kogin Sin ba.

Tun a daren farko ya ce in buɗe jakar tsaraba ya gani. Kilishi dai tun a Katsina ofishin ya hana ni ɗauka, domin kwastan ɗinsu ba sa barin a shiga da nama. Na zo da huluna uku da jakunkunan fata. Da ya ga hula ɗaya koriya shar, wadda na zaɓa saboda launin tutarmu, sai ya dafe kai.

"Alhaji, don Allah mayar da wannan ƙasan jaka. A nan in aka ce mutum ya sa koriyar hula, ana nufin matarsa tana cin amanarsa."

Na ce, "Kai ɗan nan, da gaske kake?"

"Wallahi Alhaji. Da ka miƙa ta ga mai masana'anta, da murmushi zai yi ya karɓa, kuma shi ke nan cinikin ya mutu ba ka san abin da ya kashe shi ba."

Haka ya yi ta ɗora ni a hanya. Katin suna da hannu biyu ake bayarwa, da hannu biyu ake karɓa, a tsaya a duba, ba a cusa shi a aljihun wando. Ba a ba su kyautar agogon bango, don furucinsa ya yi kama da rakiyar gawa. Lamba 4 ba sa son ta, 8 kuwa kamar su haɗiye. In an zuba maka shayi, ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan.

Bayan baje kolin muka tafi Guzhen, wani gari a yankin Zhongshan da kusan ba abin da ake yi sai fitila. A can na ga aikin tafinta na gaske. Mun zauna da mai masana'anta, aka yi ta shayi kusan awa guda, yana tambayata 'ya'yana nawa, zafin garinmu ya kai yaya, awa nawa ake samun wuta. Wannan bai dame ni ba, mu ma ba a fara ciniki sai an tambayi gida da gajiya. Da na taya, sai ya yi dariya ya faɗi wata magana, yaron ya fassara: "Ya ce zai yi tunani." Na ji daɗi, na ɗauka an kusa. Sai ya raɗa mini, "Alhaji, albarka ya ce." Ashe su ma ba sa cewa a'a ƙiri-ƙiri, don kada a zubar wa mutum da mutunci a gaban jama'a. Da na'urar fassara ta waya na dogara, da na kwana uku ina jiran tunanin da ba za a yi ba.

Ya kuma hana ni kushe kaya a gaban ma'aikata, irin yadda muke yi a kasuwa don a rage. Na ga batirin samfurin bai kai abin da aka rubuta a kwali ba, bakina har ya buɗe, ya taka mini ƙafa. Sai da muka keɓe da mai gidan ya faɗa masa a hankali, nan take aka canza batiri, aka rubuta a takardar yarjejeniya. Liyafar dare ma tun kafin mu je ya sanar da su ba na shan giya ba na cin alade, aka kai mu gidan abincin Musulmi, aka yi ta ɗaga kofin shayi. Ranar Juma'a ya kai ni tsohon masallacin Huaisheng, wanda ya haura shekara dubu. Na tsaya gindin hasumiyarsa ina tuna Gobarau.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙa.

Na farko, la'ada. A Katsina an ce mini kuɗin da na biya ya haɗa da tafinta. Sai daga baya, da na fara magana da masana'antar kai tsaye ta manhajar WeChat, na gane su ma suna ware masa nasa a cikin farashin kowace fitila. Dillali ya ci la'ada ba sabon abu ba ne, a kara ma haka ake yi. Amma a faɗa mini. Wanda ke ci hannu biyu, ranar da aka sami saɓani ban san bayan wa zai bi ba.

Na biyu, canji. Najeriya da Sin suna da hulɗar jakadanci tun 1971, kuma a 2018 manyan bankunan ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuwan (kuɗin Sin) biliyan 15, don a riƙa sayayya ba sai an bi ta dala ba. A rediyo abin gwanin daɗi. Ni dai ɗan tireda, naira na zuba wa ofishin a Katsina, su suka biya yuwan a can, a farashin da suka yanka. Kashi 30 na kafin alƙalami, kashi 70 kafin a loda, kuma tsakanin biyun canjin ya motsa, asarar ta faɗo kaina. Ba a rubuta wa zai ɗauka ba, ni ma ban tambaya ba.

Na uku shi ya fi ƙona mini rai. An ce kwana arba'in da biyar kaya suna Legas. Da yake kayana ba su cika kwantena ba, sai da aka jira na wasu, sannan aka yi zaman fitarwa a tashar jirgin ruwa. Na tambaya ko za a bi ta tashar tsandauri ta Funtuwa da aka buɗe a 2024, aka ce su a Legas suke fitarwa, mota ta kawo Kano. Fankokin da na saya don zafin bazara sai cikin Agusta suka iso, ana tsuga ruwa. Kullum in na kira, amsa ɗaya ce: "Alhaji, suna hanya." Fitilun sun tafi, fankokin kuwa suka kwanta a sito har Maris.

Wanda bai taɓa zuwa ba, ina ba shi shawara ya bi ta irin wannan ofishi, amma ya sa a rubuta masa abu uku kafin ya ba da ko sisi: la'adar tafinta daga kowane ɓangare, farashin canji, da ranar lodi. Mai kayan zafi kuma ya je na Oktoba, ya matsa a loda kafin sabuwar shekararsu da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, don masana'antu rufewa suke, ma'aikata su tafi ƙauyukansu.

Odar bana da kaina na yi ta waya. Suna gabanmu da awa bakwai, saboda haka da na idar da sallar asuba nake samun mai masana'antar ya gama cin abincin rana. Yaron Daura har yanzu shi ke zuwa duba mini kaya kafin a rufe kwali, sai dai yanzu ni kaɗai ke biyansa, kuma na faɗa wa mai masana'antar haka. Koriyar hular tana nan, ni nake sa ta ranar Juma'a.